Ranar da Baba ya sake narka tama

Ko da zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin malamin gona a Batsari, ranar da mahaifina ya sake hura murhun tama ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin kuɗin fetur ya shigo ƙasa. Samari sun fara hawa babur, rufin kwano yana korar jinka, mu kuma 'yan ƙauyenmu da ke aikin gwamnati muka kafa ƙungiyar ci gaban gari. Da muka yanke shawarar yin ranar tarihi bayan kaka, kowa ya kawo tasa: wani ya ce dambe, wani ya ce a baje tsofaffin kwari da baka. Ni na miƙe na ce garinmu da ƙarfe aka san shi, tun daga Ruma har Safana fartanyarmu ake nema, saboda haka a narka tama a gaban jama'a, yara su ga yadda dutse ke zama ƙarfe. Na faɗa da ƙarfin zuciya, domin ɗan maƙera ne ni.

Da na kai wa Baba maganar, sai da ya gama wasa laujen da ke hannunsa kafin ya ɗago. Tun ina goye ya bar narka tama, tunda ƙarfen tsofaffin motoci ya wadata a kasuwa.

"Kai kana tsammanin mutum ɗaya ke yin ta?" in ji shi. "Ni wuta na sani. Mai nuna rami ya rasu, mai gina murhu ya rasu."

"Baba, in na nemo waɗanda suka sani, za ka hura?"

"Nemo su tukuna."

Na hau babur na shiga yawo. Ramukan tamar daji ya cinye su, amma wani dattijon Bafillace da ke kiwo wajen Ruma ya yi dariya da na tambaye shi. Ya ce ai ya san su sarai, don sun taɓa karya masa ƙafar saniya. Shi ya kai mu gindin wani tsauni, muka haƙo jan dutse mai nauyi, muka ɗora wa jakuna. Murhu kuwa, a wani ƙauyen Wagini na sami 'yar marigayin da ke gina shi, tsohuwa maginiyar tukwane. Ta ce ba ta taɓa ginawa ba, amma ita ke kwaɓa wa ubanta ƙasa tana yarinya, kuma hannu ba ya mantuwa. Ta sa aka kawo ƙasar suri da ciyawa, ta tsaya a kan samari har murhun ya kai ƙirjin mutum. Matasan gari suka ƙona gawayin ƙirya. Baba yana zuwa ya duba, ba ya yabo, ba ya kushewa.

Ranar taro, bayan sallar asuba, ya yi bisimilla ya sa wuta. Kafin hantsi fili ya cika: hakimi da mutanensa, 'yan makaranta a jere, Fulani da ƙoren nono, baƙi har daga Katsina. Samari suna karɓa-karɓar zugazugi, Baba yana zuba tama da gawayi bi da bi, yana kallon launin harshen wuta.

Wajen azahar muka ji wani ƙas. Gefen murhun ya tsage, wuta ta fara fita ta wurin. Masu zuga suka saki. Na ji wani daga cikin baƙi yana cewa daman abin da ya wuce ya wuce. Na dubi Baba, gumi ya jiƙa masa riga, na tuna shekarunsa.

"Baba, ko a haƙura? Lafiyarka ta fi."

Bai ko dube ni ba. "Wa ya ce ku tsaya? In ta huce ta mutu." Sai ya juya wajen tsohuwar. "Yaya, akwai sauran ƙasa?"

"Na ajiye ta a jiƙe tun jiya," ta ce. "Babanmu bai taɓa gina wanda bai tsage ba."

Ta naɗe zanenta, ta riƙa danƙo ƙasa tana maka wa tsagar, tururi yana tashi a fuskarta. Na tuɓe babbar rigata na kama zugazugi ɗaya, dattijon Bafillacen nan ya jingine sandarsa ya kama ɗayan. Muka yi ta zuga har kafaɗuna suka daina jin ciwo.

Bayan la'asar Baba ya ce a fasa bakin murhu. Kashin ƙarfe ya malalo, sannan ya zura awartaki ya jawo wani dunƙule ja wur, kamar kan ɗan akuya. Ya aza shi a kan dutse, ya ɗaga masaba ya sauke. Da dutse ne da ya tarwatse. Wannan sai ya lotsa. Nan mata suka rangaɗa guɗa, yara suka karya layi suka yo kanmu. Baba ya zauna a ƙasa, ya karɓi ƙwaryar nono ya sha, sannan ya ce da ni a hankali, "To, ka gani da idonka. Sai ka faɗa wa na bayanka."

Da damina ta zagayo Allah ya karɓi ransa, tsohuwar ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Da mun ɗaga taron nan zuwa baɗi, da ba wanda zai sake ganin abin a ƙasarmu.

Abin da na koya shi ne, tarihin gari ba a kan mutum ɗaya yake ba. A rarrabe yake, kowa da guntun da Allah ya ba shi ajiya, kuma masu ajiyar ba sa jiran kowa. In kana da tsoho a gida, je ka tambaye shi yau.