Magangarar da Kakana Ya Gani a Bioko

Mun tashi daga Bagudo bayan sallar asuba, ni da kawuna da ke kasuwanci a Malabo, da wani abokin cinikinsa. Kafin mu fita na durƙusa gaban kakana, ya dafa kaina ya ce, "Tahi ka gano. In ƙarya na yi, ka dawo ka hwaɗi gaban kowa."

Ga asalin maganar. Kakana ya yi aiki a gonakin koko na tsibirin Bioko yana saurayi. Tun dawowarsa yake cewa akwai wani dutse a can da ruwan daɗi ke zubowa daga kansa kai-tsaye cikin teku, har mutum ya tsaya ƙafafunsa cikin ruwan gishiri, bakinsa na shan na daɗi. A majalisarsu ba wanda ya taɓa yarda. Wani tsohon masunci, abokin wasansa, shi ya laƙa masa suna "Sha-biyu", kuma har mu jikokinsa ana tsokanar mu da shi. Yanzu idon kakana ya mutu, ƙarfinsa ya ragu. Da kawu ya nema mini biza don in taya shi aiki na ɗan lokaci, abin da ya fara zuwa raina ke nan.

Mun haye kogin Kwara ta gada, muka bi ta Kaoje zuwa Tsamiya, inda aka buga mana fasfo. Hanyar Segbana ta fi tamu laushi a wasu wuraren, amma ba ko'ina ba, kada in zalunci tamu. Daga Kandi manyan motocin auduga suka riƙa tare mana gaba. A Parakou muka ci sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cukwi. Abincin ya yi daɗi, sai dai duk wanda ya canza naira zuwa sefa zai ci shi yana tunani. Kwatano kuwa 'yan kabu-kabu masu rawayar riga sun cika titi, ban san yadda ba sa karo da juna ba. Daga nan jirgin sama ya kai mu Malabo, inda Hausawan unguwar kawu suka tarbe mu da shayi da tambayar mutanen gida.

Ranar da aka rufe shago muka nufi kudancin tsibirin, bayan kawu ya karɓo takardar izinin shiga yankin. Mota ta bi ta Luba, ta hau tsauni har muka shiga gajimare, sannan ta gangara wajen ƙauyen Ureka. Direba ya sauke mu da hantsi, ya nuna mana hanya, ya ce sai bayan la'asar zai dawo. Muka bi bakin teku a ƙasa. Yashin wurin baƙi ne kamar an daka gawayi, daji kuma ya sunkuyo har kansa.

Ƙarar muka fara ji. Da muka sha kwanar wani dutse sai ga magangarar: farin ruwa na sulalowa daga cikin ganye, yana dukan baƙin dutse, feshinsa na isowa fuskokinmu da sanyi. Ba zan faɗi tsawonta ba domin ban auna ba, amma ta fi kowace giginya da na sani. Abokan tafiyata suna tasbihi, ni kuwa na duba inda ruwan ke sauka. Ruwan ba cikin teku yake zuba ba. Cikin wani ɗan tafki yake sauka, tsakaninsa da teku kuma akwai filin yashi da ya isa a shanya shinkafar gida guda.

Kawu ya lura da ni. Ya ce, "Ɗana, koma ta bayan dutsen can ka ɗauki hoton, yashin ba zai fito ba. Tsoho ne, a bar shi ya huta."

Na ce, "Kawu, cewa ya yi in faɗi abin da na gani."

"To, sai ka je ka faɗa masa da bakinka. Ni ba na ciki."

Na zauna ina shirya kalmomin da zan gaya wa kakana, ban sami masu sauƙi ba. Da azahar muka yi abin da kowane ɗan bakin Kwara ke yi: muka tuɓe takalma muka jera su a kan yashi, nesa kaɗan da ruwa, muka yi alwala a tafkin, muka hau wani faffaɗan dutse muka yi salla, muka ci guzuri, muka kishingiɗa. A wurinmu kogi sau ɗaya yake cikowa a shekara, kuma yana ba da sanarwa. Na karanta cikowar teku a makaranta, har na amsa tambaya a kanta, amma ƙafata ta ajiye takalmi irin na gida.

Abokin kawu ne ya farka ya ce wa kawu, "Alhaji, wancan da ke tafiya ba takalminka ba ne?"

Shi ne. Nawa ma sun riga shi nisa. Filin yashin ya ɓace, igiyar ruwa na shiga tafkin tana fita, har ta kai ga gindin dutsen, magangara na zuba a kanta kai-tsaye. Na shiga da tufafina har gwiwa, kawu na riƙe da rigata ta baya. Na ɗanɗana na ƙasa, gishiri. Na ɗaga kai na buɗe baki, ruwan daɗi mai sanyi. Ban gusa daga inda nake tsaye ba sai da na cika gora biyu, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa, abokin kawu na ɗaukar bidiyo. Muka koma mota ba takalmi, muna dariya, direba na kallon ƙafafunmu.

Da na dawo Bagudo, majalisa na nufa da gorunan. Na ba da labari yadda yake, har da yashin da na fara tararwa, domin shi ma gaskiya ne. Aka zagaya da waya kowa ya kalla. Tsohon masuncin ya kurɓi gorar farko ya haɗiye, ya kurɓi ta biyu ya tofar, ya daɗe yana goge baki. Sannan ya ce, "To, Sha-biyu, ka sha biyun. Na janye."

Kakana ya karɓi gorar ruwan daɗin ya sha, ya juyo inda yake jin muryata ya ce, "Kai, ina takalmanka?"

Na ce, "Teku ta tafi da su, Kaka."

Ya ce, "Nawa ma suna can. Da gangan ban hwaɗa maka ba."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kafin in ƙaryata wanda ya ga wuri, in tambaye shi lokacin da ya gan shi. Sunan nan kuma har yanzu ana kiran mu da shi, amma yanzu da sauri nake amsawa.