Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Haka na taso na gani, haka kuma na riƙe har a nan Hyattsville, a Amurka. Babbar 'yata "ke" ce, ko "yarinyar nan". Maganar da ta shafi jiki kuwa ba ta taɓa haɗa mu ba, wannan aikin gwaggo ne, ga shi gwaggonninta duk suna Zariya.

Da ta gama jami'a sai ta shigo da jakar goyo, kusan tsawonta, ta ce za su zaga ƙasashe ita da ƙawayenta, suna kwana a masaukai masu araha inda baƙi ke haɗuwa ɗaki ɗaya. Babanta ya yi faɗa har ya gaji. Ni ban ji tsoron tarbiyyarta ba, na san abin da na shuka. Tsorona kada wani ya cuce ta a can, kunya ta sa ta yi shiru har ciwo ya ci jikinta.

Na roƙi maƙwabciyata, wata nas 'yar Jos da muke musayar abincin Sallah da na Kirsimeti, ta tsaya mata a matsayin gwaggo. Ta zo bayan la'asar da kayan aiki a jikinta. Na ba su falo, na shige kicin ina yanka albasar da ba ni da bukata.

"Zauna nan, 'yar yawon duniya," in ji nas ɗin. "Abin shan da kika ɗauke ido a kansa, ya zama na shara. Ko ruwa ne."

"Anti, na sani fa."

"Kin san me? Akwai cutar da ba ta nuna alama, mai ita fes kamar ango. In kuma wani ya fi ƙarfinki, Allah ya kiyaye, ki nufi asibiti a ranar. Akwai maganin kariya, amma ba ya jiran wanda ya wuce kwana uku. Sannan ki kira gida."

Sai na ji yarinyar ta amsa da Turanci, kamar yadda yaran nan suke yi, murya ƙasa ƙasa: "Ke zan kira, Anti. Mama ko sunana ba ta iya faɗa, ina za ta iya jin wannan?"

Na ajiye wuƙar. Kunya ado ce, amma ban haifi 'ya don ado ba. Na fito da hannuna yana warin albasa, na kira sunanta, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Ta ɗago a firgice.

Na ce, "Ko me ya same ki, ni za ki fara kira. Wanda aka zalunta ba shi da abin kunya wurin Allah, balle wurina."

"To, Hajiya ta ƙwace mini aiki," in ji maƙwabciyata, tana neman takalmanta.

Tafiyar ta yi nisa, wata safiya ina shanya sai ga wayarta. Wani mutum a masaukinsu ya matsa mata, har ya biyo ta bakin banɗaki. Ta yi masa ihu, sun tattara sun koma masaukin mata zalla. Ta faɗa mini duka, ba ta rage komai ba.

Na ce ta yi daidai. Na sake kiran sunanta, na tambaye ta ko ta ci abinci.