Kukan Baba a Cikin Faifai

Ni ban iya dogon bayani ba. Manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Minjibir, gwiwoyin ma sun fara gajiya. Amma wannan labarin ba na so ya bi ni kabari.

Muna yara, in an gama yankan gero, Iya, kakarmu ta wajen uba, takan hura wuta da kara bayan isha'i, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, sai dai akwai ɗaya da ba ta yarda a kira ta tatsuniya. "Wannan da idona," in ji ta.

Wai tana ƙuruciya kakanmu ya tafi da ita Kano ci-rani, yana kaɗa wa wasu 'yan kudu ganga, masu busa ƙahonin ƙarfe, irin kiɗan da ake kira jaz. Rannan ta kai masa fura, Baba na goye a bayanta, ta tarar wani Bature ya kafa na'urar ɗaukar faifai. Aka rufe ƙofa da ita a ciki, aka ce ko tari kar a yi, in an ɓata ba gyara. Ana tsakiyar busa jariri ya fashe da kuka.

"Iya, ba ki lallashe shi ba?"

"Ɗan farin? A gaban maza, ga ubansa zaune? Ku dai ba ku da ta ido! Bango na zuba wa ido kamar ba nawa ba."

Mai busar kuwa, in ji ta, bai tsaya ba, sai ya riƙa amsa wa yaron da ƙahonsa.

Baba yakan ce mafarki ta yi. Har ta rasu ba ta ji faifan ba, ba kuma wanda ya gaskata ta.

Bara 'yata Rabi, mai karatu a birni, ta zo da waya. Ashe an tattara tsofaffin kiɗe-kiɗen wancan zamani a faifai guda, ta bi su ɗaya bayan ɗaya a wayar har ta samo wanda Iya take faɗa. Muka zauna a zaure, ta kanga wa Baba wayar a kunne, don yanzu sai an ɗaga masa murya. Ganga, busa, can sai ga kukan, siriri, ƙaho na biye da shi.

Tsoho ya saurara har ƙarshe. Sannan ya share ido da hannun riga. "Allah ya jiƙan Iya. Ashe haka ta bar ni ina ta ihu."

A da na ɗauka labarin kiɗa take ba mu. Sai da na tsufa na gane. Matar da kunya ta hana ta kiran sunan ɗanta har ta mutu, ta samo hanyar da za ta yi hirarsa duk shekara, yana zaune a gefe yana ji.