Gwangwani na biyar yana wurina, Lionel

Ranar Talata, 14 ga Janairu 1947, da tsakar rana, gobara ta cinye rumfar bayan gidanka a unguwar Balmain, ta haɗa da kai, Lionel Treloar. Maƙwabta sun ce da ƙafarka ka shiga, kana ihun a bar ka ka ɗauko gwangwanayen fim.

Yaran yanzu ba su san ka ba. Ba su san kai ne a 1912 ka fito a matsayin akawun bankin da aka ɗora wa sata da kisan kai ba, zamanin da fim ba ya magana. Ni ke rubuta 'yan kalmomin da ake haskawa tsakanin hotuna. Iyakar inda karatun shari'ar da na yi ya kai ni ke nan. Da fim ya fara magana aka yar da mu kamar tsumma, kai kaɗai ka riƙa jawo ni teburinka duk Lahadi. "Lauya, ci naman tunkiya," kake cewa, "Latin ɗin nan, yarenku na lauyoyi, ba ta taɓa ƙosar da kowa ba."

Da kamfanin da ya shirya shi ya tashi narkar da fim ɗin don azurfar jikinsa, ka karɓe shi. Gwangwani huɗu ka adana ƙarƙashin rufin kwano, na biyar ka kawo mini bara. Ka ce, "A cikin wannan ne alƙali ya wanke ni. Riƙe mini, saboda halin rayuwa."

Na gaya maka tsohon fim irin wannan kan kama da wuta shi kaɗai in zafi ya tsananta, ruwa kuma ba ya kashe ta. Dariya ka yi.

Yanzu gwangwani na biyar ɗin yana ƙarƙashin gadona. Ya fara wari, wani ruwa mai danƙo yana tsattsafowa daga jikinsa. Zafin bana ya ƙi sauka, ga iyali da ƙananan yara a saman ɗakina. Ko ƙaurin taba na ji daga titi sai gabana ya faɗi. A maƙabarta matarka Winifred ta damƙe hannuna ta ce, "Don Allah, Horace, rabu da gwangwanin nan, kada ka sa in binne mutum biyu."

Gobe zan hau jirgin ruwa mai zuwa Manly in saki gwangwanin a tsakiyar teku. Daga nan ba mai ƙara ganin fuskarka lokacin da kotu ta sallame ka. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya wanke ka a kotunsa, ya sanyaya makwancinka. Winifred da 'yarku Beryl, Allah ya ba ku haƙuri. Ni da mutanen saman ɗakina kuma, Allah ya kai mu gobe lafiya.

Horace Penhale