Ranar da Akori-kurata Ta Tafi Birnin Kebbi

Ranar kasuwa ce, cikin bazara, albasa ta fito. Bayan sallar asuba muka sha kunu a rumfata, ni da yayana Sahabi. Ni ke sayen albasa a hannun manoma in kai Sakkwato, shi ke duba buhu da ɗinki. Mu biyu muka rage a ɗakinmu.

Garinmu yana bakin fadama, tsakanin Gulma da Argungu. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Caji ofis ɗinmu ɗaki ɗaya ne, 'yan sanda uku: Saje, Kofur da wani kurtu. Ba su da mota. Keke gare su, shi ma na Kofur ne. Mota ɗaya ce a garin, farar akori-kurata. In an kama ɓarawo, ita ake aro. In za a zaga kasuwa, ita ake aro. Ban taɓa hanawa ba, don kayana ma suna bin hanyar nan. Har ta kai in mutane suka ji kukan farar akori-kura, sai su ce ga 'yan sanda nan.

A makon nan labari ya zo za a auna masu son shiga aikin ɗan sanda a Birnin Kebbi. Saje ya daɗe yana roƙon a ƙaro masa mutane. Ya tara samarin garin, majiya ƙarfi, ya ce in aka ɗauki namu wataƙila a turo mana wasu. Ya nemi mota, na ba shi da direba. Rana na fitowa suka tashi, shi da kurtu da samarin a baya suna ta raha. Aka bar Kofur shi kaɗai da kulki da usur.

Da hantsi kasuwa ta cika. Ina cikin rumfa ina zazzage wani buhu da nake zargin an cusa ruɓaɓɓiya a ƙasansa. Sai muka ji kukan mota daga hanyar Gulma. Farar akori-kura ce. Mutane suka dare suka ba ta hanya yadda suka saba. Sahabi ya ajiye basilla ya miƙe.

“Mi ya maido su da wuri haka?”

Ya nufe ta yana ɗaga hannu. Ni na san kukan motata. Wannan ba ita ba ce. Na buɗe baki in kira shi, sai ƙarar bindiga ta farko ta tashi.

Sahabi ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji. Mutane suka diro daga bayan motar, fuskoki a naɗe da rawani.

“Ku kwanta! Kowa ya kwanta!”

Na ji usur ɗin Kofur daga wajen 'yan kifi. Ya busa, ya sake busawa. Babu wanda zai amsa masa. Aka yi harbi ta wajen, usur ya yi shiru. Suka bi rumfunan dillalai ɗaya bayan ɗaya. Suka sa wa rumfar mai kananzir wuta. Hayaƙin nan ne ya rufe ni har na ja ciki na kai ga Sahabi.

A cinya aka same shi, jini yana tsartuwa. Na ɗaure da igiyar buhu, na goya shi. Na bi ta bayan mahauta na faɗa fadama. Mata da yara suna gudu ta cikin fangalin albasa, kowa na kiran nasa. Ban kira kowa ba. Nawa yana bayana.

A bakin gulbi na tarar da jirgin wani masunci, mai shi ya gudu ya bar gorar tura jirgin a ciki. Na kwantar da Sahabi a kan komar kamun kifi. Asibiti yana Argungu. A mota, kafin a gama tuƙa tuwo an kai. Ni kuwa ban taɓa tura jirgi ba. Ya yi ta juyawa da ni. Ruwa ya ja baya, wani wurin sai in sauka in ja shi da hannu a kan yashi. Babu kowa a gulbin. Sai kukan tsuntsaye da numfashinsa.

Da azahar ya nemi ruwa. Na ɗebo da tafin hannu na ba shi. Ya tambaye ni ko motar ta dawo. Na ce tana hanya.

Da la'asar ya daina tambaya. Na ci gaba da turawa, don ban san abin da zan yi in na tsaya ba.

Masunta suka taimake ni muka fito da shi a Argungu. A asibiti malamin ya taɓa wuyansa, ya ja mayafi ya rufe shi. Na fito na zauna a bakin titi. Rana ta yi ja na ji kukan da na sani. Motata ce, ta biyo daga Birnin Kebbi za ta gida. Na tare ta. Samarin suna baya shiru, sun wuni a layi cikin rana. An auna tsawo da faɗin ƙirji, an ce waɗanda suka dace za su ji kira. Saje ya sauko, ya dubi rigata, ya cire hularsa.

Motar ce ta kai Sahabi gida. Samarin suka matsa suka yi masa wuri.

Kofur ya rayu, amma hannunsa bai ƙara ɗaguwa ba. Bayan damina aka turo ɗan sanda guda ya maye gurbinsa, suka koma uku. Motar kuwa, na ci gaba da ba su aronta.

Basillar Sahabi na tsinta washegari a inda ya ajiye ta, da zare a jiki. Ni nake ɗinka buhuna yanzu. In mota ta tsaya a ƙofar rumfa, babu mai miƙewa ya duba sai ni.