Romon Kaza a Tukunyar Kawu Isyaku

Kawu Isyaku yana tsakiyar faranti na uku ya saki cokali, ya dafe ƙirji, ya ce, "Uwata, buɗe mini taga." Ni kaɗai na san abin da na zuba a tukunyar nan.

Ku da kuka zauna da shi a Doha kun san Kawu ba ya cin nama. Jikan Sarkin Fawa guda, wanda aka yaye da tsire, amma shekara goma sha tara bai kai tsoka bakinsa ba. Tun da ya fara tuƙa wa wasu Indiyawa mota a unguwar Old Airport, tsohuwar gidan, Mama Shanti, ta ɗanɗana masa dal, wani faten ƙananan wake da kurkum, shi ke nan aka rasa shi. Yana da gwangwani mai gida bakwai, kowane gida da kayan ƙamshinsa, kuma kujerar gaba ta motarsa ta gwangwanin ce. Ranar da ya ɗauko ni daga filin jirgi ina amarya, baya na zauna.

"Kawu, gwangwani a gaba, ni a baya?"

"Shi ba ya surutu."

Da Babbar Sallah yakan yi layyarsa, ya rabar da naman kaf. Bara maigidana da abokan aikinsa masu gadi suna ta suya, Kawu ya buɗe kwanonsa na alayyafo da cuku ya koma gefe. Wani ya ce, "Alhaji, ko 'yar hanta?"

"Ni da ragon nan ganye muke ci. Ina ka taɓa ganin mutum ya cinye abokin cin abincinsa?"

Kowa dariya yake yi, ni kuwa abin yana cina. Ƙanin mahaifiyata ne, sunan tsohuwarsa aka sa mini, ba ni da wani dangi a ƙasar nan sai shi. Amma duk Juma'a in zai zo gidanmu a Al Rayyan, da kwanon Mama Shanti yake zuwa. Na yi masa tuwo da miyar kuka babu nama, da daddawar da aka aiko mini daga Kano. Loma biyu ya yi.

"Ba laifi. Da Mama Shanti ce, da sai ta fara soya kayan ƙamshin a mai har su yi tsalle."

Ko ruwa na tafasa sai na ji yadda Mama Shanti ke tafasa nata. Na haɗiye fushina na je wajenta koyo. 'Yar tsohuwa ce mai fara'a, abin haushin ke nan, ban ma samu abin ƙi a jikinta ba. Sai da ta sa na wanke hannu sau biyu kafin na taɓa ludayinta, wai na taɓa nama da safe. Na dawo gida na yi dal sau huɗu. A na huɗun Kawu ya juya cokali a ciki ya ce, "Uwata, waken nan da ruwan nan a hanya suka haɗu, ko gaisawa ba su yi ba."

To, a Juma'ar da abin ya faru na dafa kaza, na tace romon sau biyu da ƙyalle, na dafa dal ɗin a ciki. Ya ci, ya lumshe ido, ya miƙo faranti a ƙara har sau biyu.

"Yau kin wuce ta. Kada ki gaya mata."

Shekara biyu nake jiran maganar nan. Ban gama murmushi ba ya dafe ƙirji.

Kwana biyu ya yi a asibiti, ranar Lahadi bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki kuna ta ba da labarinsa, Mama Shanti ta zo da tukunyar abinci tana kuka, ni kuwa ina lungu ina tunanin cikin da ya shekara goma sha tara bai ga maiƙon nama ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ce 'yan sanda ne. Na kasa ci, na kasa kallon kowa.

A rana ta shida na gaya wa maigidana. Ya kai ni wajen likitar da ta duba Kawu, wata 'yar Sudan.

"Likita, romon kaza na ba shi bai sani ba."

"Kazar ta lalace ne?"

"A'a."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Jijiyoyin zuciyarsa sun daɗe da toshewa. Ya sani, ya jima yana zuwa nan, shi ya hana a gaya muku. Romo ba ya yin wannan. Khalas, shi ke nan, je ki gida, ba ke ba ce."

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe ne. Na zauna a ƙasan ofishinta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kawu, na yaudare ka don ka yabe ni sau ɗaya, ka yafe wa uwarka. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ciyar da kai abin da ranka yake so a Aljanna.