Gudun Kama Kujera a Gaban Surukina

Takur zuwa Ringim

Ana idar da sallar asuba na bar gida a Takur, matata Hajara na biye da ni har bakin ƙofa tana jaddada mini in kula da Baba. Mahaifinta take nufi, Malam Haruna mai makarantar allo a Ringim, wanda tun da na auri 'yarsa ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Yayanta Nasiru da ke Agege a Legas aka yi wa haihuwar fari, ya ce bakin Baba yake so ya raɗa wa yaron suna. Saƙon kuwa ya yi ta kwana a aljihun wani direba, bai iso ba sai ana jibi suna. In muka bi mota sai dai mu tarar ana wanke tukwane. Nasiru ya haɗo da kuɗin jirgi na mutum biyu, aka duba dangi kaf aka ga ni ne mai ɗan Turancin rakiya. Ban taɓa shiga jirgi ba, don haka har masinjan ofishinmu sai da ya ji labari.

Fijo na shiga, ta bi ta Kiyawa da Jahun. A Gujungu na sha koko kofi biyu da ƙosai cike da takarda, don na san muddin ina tare da surukina ba abin da zai shiga bakina. Na tarar da Baba a shirye a ƙofar gida: rawani, sanda, buta, rabin buhun gero, ga kuma rago ɗaure a gindin bishiya. Na tsuguna na gaishe shi, na kalli ragon, na rasa ta inda zan fara. Direban da muka yi shata ne ya cece ni.

“Allah gafarta Malam, jirgi ba ya ɗaukar mai ƙaho.”

Baba ya sa aka mayar da ragon cikin gida.

Ringim zuwa Kano

Baba ya zauna gaba, ni na tsallake kujerar tsakiya na maƙale can baya kusa da geron. Kafin Gezawa sojoji sun tare hanya da ganguna. Ɗayansu ya leƙo, ya ga farin gemu da carbi, ya roƙi addu'a ya ɗaga mana hannu. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka shiga Kano.

Filin jirgi

Tikitin ɗan littafi ne mai jan kabon da ke ɓata yatsu. Na ɗauka da an biya shi an gama, ashe an fara ne. Akwai harajin fili da ake manna wa tikitin kamar kan sarki, akwai kuma sikeli. Aka ɗora geron, yarinyar da ke kula da sikelin ta faɗi kuɗin awonsa, na ga ya fi kuɗin geron kansa. Baba ya tambayi iska, ba ni ba, ko a nan ba a ragi. Na biya kaina a ƙasa. Tana cikin danna kwamfutarta aka ɗauke wuta, sai ta rubuta mana katin shiga da biro, gurbin lambar kujera ta bar shi fari.

A ɗakin jira na zauna nesa da Baba, kusa da wani Alhaji Sabo, dillalin kayan mota, wanda ya ce duk mako sai ya je Legas. Yana riƙe da wayar hannu mai girman bulo da eriya kamar ta rediyo, irin wadda ban taɓa gani ba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ƙafarsa: babbar riga ta shadda, ƙasa kuma kambas na 'yan ƙwallo. Ya kira wani, ya saurara, ya ajiye wayar ya ɗaure igiyar kambas ɗinsa tamau. Ya ce an soke jirgin safe, an haɗe fasinjansa da namu, mutane sun fi kujeru yawa. Jirgin yana can tsakiyar fili, da an buɗe ƙofa wanda ya riga shi ne da kujera, kuma babu wani jirgin sai gobe da rana.

“Wancan dattijon naka ne? To ka manta da shi, ka yi gudu ka kama biyu.”

“Alhaji, surukina ne fa.”

Ya dube ni da tausayi, ya ce to Allah ya ba mu haƙurin rashin suna.

Ni da ko wucewa ta gaban Baba ban taɓa yi ba, yau in kwasa da gudu in bar shi a baya kamar wanda ya saci kaza? Na je na tsuguna gaban Baba, na yi ta kewaye-kewaye. Ya ce shi dai tun da ya girma bai yi gudu ba, kuma abin da Allah ya rubuta shi za a yi.

Aka buɗe ƙofa bayan azahar. Jama'a, na ga abin mamaki: manyan alhazai da riguna a naɗe a kafaɗa, wata hajiya da takalmi a hannu, wani mai kwat yana tsallake jakar wani. Na yi taku uku a bayan Baba cikin ladabi, na hango Alhaji Sabo har ya ci rabin fili. Ban san lokacin da ƙafafuna suka yanke hukunci ba. Na wuce surukina fuu, ban ko ce gafara ba. Takalmina ɗaya ya fice, ban waiwaya ba. Wallahi dariya nake yi ina gudu, tsoro da daɗi sun haɗe mini.

Na samu kujeru biyu a can baya, na zauna a ɗaya na ɗora hulata a ɗayar kamar yadda ake yi a tasha. Wani ƙato ya ɗauke hular ya miƙo mini, ya ce nan ba tasha ba ce. Na leƙa taga, ga Baba can yana tahowa da sandarsa a natse, har ya tsaya gaisawa da masu loda kaya. Sai kawai na miƙe na kwanta a kan kujerun biyu, na rungume hannun kujera, na rufe ido. Ƙaton ya yi faɗa, ma'aikaciyar jirgi ta yi Turanci, ni dai abu ɗaya nake maimaitawa, cewa ta babana ce. Alhaji Sabo ya taso ya sa baki, ya ce a dubi girman tsufa.

Da na buɗe ido Baba ne tsaye a kaina. Ga ni a miƙe, ba hula, takalmi ɗaya, gumi sharkaf. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar ma mun kusa barinta. Ya zauna, kafaɗarsa na gogar tawa. Aka rufe ƙofa, ina hangen waɗanda suka rasa wuri suna komawa da jakunkunansu. Da jirgin ya ɗaga hanci, Baba ya damƙe hannuna yana salati, bai sake ni ba sai da gidajen Kano suka koma kamar akwatunan ashana. Aka kawo burodi da lemo, na ce na ƙoshi, cikina yana ƙara.

Agege

Nasiru ya tare mu, ya kalli ƙafata, ya saya mini silifa a bakin hanya bai tambaya ba. Washegari da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro. Baba ya raɗa wa yaron suna Haruna, Nasiru ya sunkuyar da kai yana share ido. Na ji daɗin da ban san yadda zan kwatanta ba. Geron nan ma shi aka dama wa mai jego kunu.

Komawa gida

Kwana biyu muka juyo. A filin Legas ma labarin ɗaya ne, an taru a bakin ƙofa kowa yana gyara ɗamara. Ina tsaye a bayan Baba ina tunanin da wane ido zan sake aikata abin da na yi, sai ya juyo ya miƙo hannu. Ya karɓi hulata, ya karɓi silifata, ya cusa su a hammata.

“Bismilla, Malam Isa. In da hali, ta wajen taga.”

Na samo masa ta tagar. Na sauke shi Ringim da la'asar, na iso Takur ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Alhaji Sabo duk inda yake. Hajara ta tambaye ni ko na ji kunyar Baba a hanya, na ce ta fara zubo mini tuwo tukuna.